FASHIN BAƘI: Matokaran Ɗab'in Sassan Jiki, Daga Ganda Da Ƙaro Zuwa Zuciyar Ɗan'adam

Matokarin ɗab'i shi ne duk wani abu na wucin gadi da masana ke amfani da shi wajen riƙe tsoka mai rai yayin da na'ura ke gina ta, sannan a narkar da shi a fitar bayan ginin ya iya tsayawa da kansa. Ba kasafai sunansa ke fitowa a kanun labarai ba, domin hoton na'ura da na ƙaramar zuciya a cikin kwalba sun fi ɗaukar ido. Sai dai yawancin ci gaban da aka samu a fannin ɗab'in sassan jiki daga 2012 zuwa yau, a kan wannan abu mai narkewa aka same shi.

Batun ya shafi kudancin Kano ta hanyoyi biyu. Na farko shi ne majinyata. Mai ciwon ƙoda daga Doguwa, idan ciwon ya kai matakin wanki, yakan ratso hanyar Falgore zuwa birni, kuma ƙa'idar wankin sau biyu ne ko uku a kowane mako har sai an samu dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma kowane dashe yana buƙatar wani mai rai da zai sadaukar da tasa. Duk lokacin da labarin "an buga ƙoda da na'ura" ya zagaya a WhatsApp, irin waɗannan iyalai ne ke fara sa rai. Na biyu shi ne kayan aikin kansu: fatar shanu da ƙaro da sukari, waɗanda ba baƙi ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa, suna cikin sinadaran da manyan ɗakunan bincike na duniya ke haɗa matokari da su.

Dalilin da ya sa tsoka ke rushewa

Na'urar ɗab'in sassan jiki tana aiki ne kamar sirinji da kwamfuta ke tuƙawa. Ana ɗauko hoton gaɓar da ake so daga na'urorin hoton asibiti, kwamfuta ta yanka shi falle-falle, sannan bakin allura ya riƙa zuba tawada zare bisa zare har siffar ta tashi. Tawadar kuwa ƙwayoyin halitta ne masu rai da aka cakuɗa cikin wani abu mai danƙo da ke cike da ruwa, kamar kolajin, wato furotin ɗin da ya fi yawa a jikin mutum, ko aljinet da ake tacewa daga ciyawar teku.

A nan gizo ke saƙar. Ƙwayoyin halitta sun fi son muhalli mai taushi, inda za su miƙe su haɗu da juna su sha abinci. Abu mai taushi kuwa ba ya ginuwa. Wanda ya taɓa gwada tara koko a faranti ya yi tsini ya san ƙarshen zancen. Idan aka ƙara wa tawadar kauri don ta tsaya, matsin da ake yi wajen turo ta ta bakin allura yana kashe ƙwayoyin, waɗanda suka tsira kuma su takura. Ga shi gaɓoɓin jiki ba tubali ba ne: zuciya tana da ɗakuna huɗu, jijiya bututu ce, ƙoda kuma kowace ɗaya tana ɗauke da matatai ƙanana kimanin miliyan guda. Duk inda akwai rami, rufinsa yana buƙatar abin da zai hau kafin ya ƙafe.

Magina sun daɗe da sanin maganin wannan. Kafin a zuba dakin, ana shimfiɗa katako a tokare shi daga ƙasa, bayan siminti ya kama a zare. Masu zubin tagulla na Ife da Benin kuwa sukan sassaƙa siffa da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su narkar da kakin ya tsiyaye, ramin da ya bari ya zama mazubi. Waɗannan dabaru biyu su ne ainihin nau'o'in matokari biyu da ake amfani da su a yau: wanda ke riƙe tsoka daga waje, da wanda ake binnewa a ciki don ya bar hanya idan ya narke. Bambancin kawai shi ne magini yana da guduma, maƙeri yana da wuta, mai ɗab'in tsoka kuwa dole ya zare nasa matokarin ba tare da zafi ko guba ko girgizar da za ta kashe ƙwayoyin da ke ciki ba.

Kwanon jelatin na Pittsburgh

Dabarar da ta fi shahara a nau'in farko ta fito ne daga ɗakin binciken Farfesa Adam Feinberg na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka, aka wallafa ta a mujallar Science Advances a 2015 da sunan FRESH. Maimakon a yi ɗab'i a sarari inda nauyi zai danne ginin, sai a nutsa allurar cikin kwano cike da markaɗaɗɗen jelatin, a yi rubutun a ciki.

Jelatin ba wani baƙon abu ba ne. Romon ƙafar sa da ya kwana a lokacin hunturu ya daskare, da safe aka ɗora a wuta ya koma ruwa, jelatin ne ya yi wannan aiki. Kolajin ɗin fata da ƙashi da guringuntsi ne da dahuwa ta warware. Danƙon da ake ji a baki idan ana cin ganda ma shi ne. Masu binciken sun daskarar da jelatin, suka markaɗa shi da injin markaɗe irin na ɗakin girki, suka samu wani kauri mai hali biyu. Idan an bar shi, yana nan daram kamar daskararre. Idan allura ta ratsa shi, sai ya buɗe mata kamar ruwa, tana wucewa ya rufe bayanta, ya riƙe zaren tawadar a daidai inda aka ajiye shi, ko da a tsakiyar kwanon ne babu komai a ƙarƙashinsa. Man goge baki yana da irin wannan hali: ba ya zuba daga bututu sai an matsa.

Kwanon yana yin aiki na biyu. Ana zuba masa sinadarin da zai ƙafar da tawadar. Idan aljinet ake bugawa, sai a sa gishirin kalsiyam a ciki. Idan kolajin ne, ana narkar da shi cikin ruwa mai tsami, kwanon kuma a daidaita shi yadda zai kashe tsamin, zaren na fita yana kamawa. Bayan an gama, sai a ɗumama kwanon zuwa digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, wato zafin jikin mutum. Jelatin ya narke, a tsame ginin. Zafin da ke kawar da matokarin shi ne wanda ƙwayoyin halitta suka fi jin daɗinsa, kuma wannan dacewa ce ta ɗaukaka dabarar a kan takwarorinta.

Matsalar tsarin farko ita ce ɓarɓashin da injin markaɗe ke bayarwa manya ne, masu kusurwa, girmansu bai daidaita ba, don haka zaren da aka buga yakan fito da kaushi. A 2019 tawagar ta wallafa gyararren tsari a mujallar Science. An daina markaɗe. Ana narkar da jelatin cikin ruwa da barasar ɗakin gwaji, a zuba ɗan wani sinadari mai suna Pluronic F-127, a ƙara ƙaro kaɗan, a bar haɗin yana juyawa yana hucewa, sai jelatin ya dunƙule da kansa ya zama ƙananan ƙwallaye masu santsi, kowane kimanin mikromita 25, ƙasa da kaurin gashin kai. Da wannan kwano suka buga makullin zuciya mai fallaye uku da ke buɗewa yana rufewa, da ƙaramin ɗakin zuciya da aka zuba wa ƙwayoyin tsokar zuciyar mutum har ya riƙa bugawa. A 2020 suka buga samfurin zuciya mai girman ta baligi da aljinet. Babu rai a cikin wannan samfurin. Amfaninsa shi ne likitocin tiyata su gwada yanka da ɗinki.

Ƙaron da ke cikin wannan haɗi shi ne dai na dakwara, wanda almajirai ke sa wa tawadar allo don ta kama. Adadinsa a haɗin bai taka kara ya karya ba, kashi ɗaya ne cikin dubu, amma yana taimakawa wajen dunƙulewar jelatin.

Alewa da hanyoyin jini

Tsayar da siffa rabin aiki ne. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa idan ta yi nisa da hanyar jini fiye da mikromita 100 zuwa 200, wato kaurin takarda ɗaya ko biyu, domin iskar numfashi ba ta iya ratsa tsoka fiye da haka. Duk tsokar da aka buga mai kauri, idan babu hanyoyi a cikinta, tsakiyarta ke fara mutuwa.

Mutanen Bebeji ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Ruwan madatsar Tiga, komai yawansa, ba ya amfanar gonar shinkafa a Kura ko Bunkure sai ya bi babbar kwata, ya shiga matsakaita, ya rarrabu zuwa ƙananan da ke kai shi bakin kowace fadama. Gonar da kwatarta ta toshe ƙonewa take yi ko da madatsar ta cika ta batse. Jiki ma haka yake, kuma nau'in matokari na biyu an ƙirƙire shi ne domin haƙa waɗannan kwatoci.

A 2012 Jordan Miller da Christopher Chen na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa wata dabara a mujallar Nature Materials da za a iya kira dabarar alewa. Sun dafa sukari iri biyu da wani sinadari mai ƙara masa ƙarfi, suka buga shi da ƙaramar na'ura mai araha ya zama raga mai tauri kamar gilashi. Suka zuba tawada mai ƙwayoyin halitta ta lulluɓe ragar, da ta ƙafe suka bi da ruwa. Sukarin ya narke ya fita, ya bar bututu masu haɗe da juna, kuma ƙwayoyin hantar ɓera da ke kusa da waɗannan bututu sun ci gaba da aiki fiye da na tsokar da ba ta da hanya.

Tawagar Farfesa Jennifer Lewis ta Jami'ar Harvard ta bi ta wata hanyar da Pluronic F-127, sinadarin da halinsa kishiyar na jelatin ne: a ɗumi yake daskarewa, a sanyin digiri 4 ya zama ruwa. Ana buga shi a cikin tsoka, a sanyaya, a zuƙe shi, a shafe cikin bututun da ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon jijiyoyin jini. A 2016 sun nuna tsoka mai kaurin fiye da santimita ɗaya da ta rayu sama da mako shida ana tura mata abinci ta waɗannan hanyoyi. Aibin Pluronic shi ne idan ya yi yawa ko ya daɗe tare da ƙwayoyin halitta yana cutar da su.

A 2019 wannan tawaga ta juya lissafin da wata dabara mai suna SWIFT. An tara dunƙulen ƙwayoyin halitta masu rai da yawa, kusan miliyan 200 a kowace mililita, aka matse su har suka samu wancan hali na buɗewa da rufewa. Wato tsokar da kanta ta zama kwanon. Allura ta shiga ta rubuta hanyoyi da jelatin, aka ɗumama, jelatin ya fita. Tsokar zuciyar da aka yi haka ta yi kwana bakwai tana bugawa. Muhimmancin wannan shi ne yawan ƙwayoyin ya kusanci na gaɓar gaske, abin da sauran dabaru ke gazawa a kai.

Akwai wasu kayan da ake gwadawa. Thomas Angelini na Jami'ar Florida ya yi amfani da Carbopol, sinadarin da ke ba man tsaftace hannu kaurinsa. Yana da haske, ana ganin aikin yana tafiya, amma gishiri na rage masa ƙarfi kuma wanke shi daga ginin yana da wuya. Ƙaramar zuciyar da tawagar Tal Dvir ta Jami'ar Tel Aviv ta nuna wa duniya a Afrilun 2019, mai girman ta zomo, a cikin ɓarɓashin aljinet aka buga ta. A Wake Forest, tawagar Anthony Atala tana haɗa tawada mai rai da wata roba mai suna PCL wadda ke zama a jiki tsawon lokaci kafin ta narke, dabarar da ta fi dacewa da ƙashi da guringuntsi. Wasu kuma sun kauce wa matsalar nauyi gaba ɗaya: tun 2019 akwai na'urar ɗab'in tsoka a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda tawada ba ta zubewa. Wannan dai ba hanya ba ce da wani asibiti zai bi nan kusa.

Inda aka kwana

Har yanzu ba a dasa wa wani ɗan'adam ƙoda ko hanta ko zuciya da na'ura ta buga ba. Duk wanda ya ce wa iyalin majinyaci akwai asibitin da ke yin haka a Indiya ko Masar ko Turai, kuɗinsu yake nema.

Abin da ya kai ga jikin mutum sassa ne marasa sarƙaƙiya. A watan Yunin 2022 kamfanin 3DBio Therapeutics na Amurka ya sanar da cewa an dasa wa wata matashiya mai shekara 20 kunnen da aka buga da ƙwayoyin guringuntsinta. Guringuntsi kuwa ba shi da jijiyoyin jini, don haka ya tsallake babbar matsalar. Mafitsarar da Atala ya ba da rahoton dasa wa majinyata bakwai a 2006, wadda ake yawan kafa hujja da ita, da hannu aka gina ta a kan mazubi, ba buga ta aka yi ba. Game da zuciya, a 2023 hukumar ARPA-H ta gwamnatin Amurka ta ba Jami'ar Stanford dala miliyan 26.3 don ta buga zuciya ta dasa wa alade cikin shekara biyar. Burin da aka sa wa wannan maƙudan kuɗi ke nan: dabba ɗaya.

Giɓin da ya rage yana da girma. Ƙananan jijiyoyin jiki faɗinsu mikromita 5 zuwa 10 ne, allura ba ta kai nan, sai dai a yi fatan ƙwayoyin su tsiro da su da kansu daga manyan hanyoyin. Jelatin yana narkewa da wuri, alhali tsoka na buƙatar makonni kafin ta yi ƙwari. Ga kuma tambayar abin da ya maƙale bayan wanki, wadda hukumomin lafiya za su so amsarta kafin su sa hannu. Amfanin da ya fi kusa shi ne ƙananan tsokoki na gwajin magani, da samfuran koyon tiyata, da fata ga waɗanda suka ƙone. Wanda ya tuna gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa a Oktoban 2024, da yadda aka rarraba waɗanda suka ƙone zuwa asibitoci har da na Kano, ya san wannan na ƙarshe ba ƙaramar buƙata ba ce.

Halal, doka da amana

Jelatin na masana'anta iri biyu ne. Nau'in A galibi daga fatar alade ake yin sa, nau'in B kuma daga fata da ƙashin shanu. Tsarin FRESH na farko da nau'in A aka yi shi, na 2019 da nau'in B. Malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin jelatin. Taron da Ƙungiyar Musulunci ta Kimiyyar Likitanci ta yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa sauyin da ke faruwa wajen sarrafa shi ya kai istihala, don haka ya tsarkaka. Wasu majalisun fiƙihu ba su gamsu da cewa sauyin ya cika ba. Na shanun ma yana da tasa tambayar, ta yadda aka yanka dabbar. Matokari ya ƙara wa mas'alar sabon reshe, tunda shi ba ci ake yi ba, ba kuma dasa shi ake yi ba, taɓa tsokar yake yi ya fita.

Kano ta san kuɗin da ake biya idan aka bar irin wannan tambaya sai magani ya iso ƙofa. Gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Fasahar da za ta zo da jelatin da ƙwayoyin halittar mutum a kwalba ɗaya tana buƙatar a yi bayaninta da Hausa, a gaban malamai da likitoci, tun tana ɗakin gwaji.

Ta fuskar doka, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta halatta dashe bisa sharuɗɗa a 1988 ta kuma hana sayarwa. Haramcin bai kashe kasuwar ba. A watan Mayun 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa Ike Ekweremadu shekara tara da wata takwas kan kai wani matashi ɗan tireda daga Legas domin a cire masa ƙoda. Ƙarancin gaɓoɓi ne ke raya wannan kasuwa, talaka ne kuma hajarta. Fatan da ake ɗora wa ɗab'in sassan jiki shi ne wata rana ya rufe ta, tunda gaɓar da aka gina da ƙwayoyin majinyaci ba ta buƙatar mai bayarwa, ba ta kuma buƙatar maganin danne garkuwar jiki na har abada. Amma idan farashinta ya fi ƙarfin kowa sai masu fita waje neman lafiya, matashin ƙauye zai ci gaba da zama mafi araha.

Fata da ƙaro

Najeriya na cikin manyan masu samar da ƙaro a duniya tare da Sudan da Chadi, kuma Jigawa da Yobe da Borno ne cibiyarsa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa masu saye sun ƙara waiwayar sauran ƙasashen. Kano kuwa ta shahara da jima tun zamanin fatake, masana'antun fata suna nan a Challawa da Sharaɗa da Bompai, a Zariya kuma akwai cibiyar tarayya ta binciken fata. Shanun da ke kiwo a kewayen Falgore da Kiru suna cikin masu ciyar da mahautan jihar da fata da ƙashi.

Tsakanin wannan ɗanyen kaya da kwalbar da ɗakin bincike ke saye da dala akwai tacewa, da gwajin ƙwayoyin cuta da gubar da suke bari, da shaidar asalin kowace dabba, da lantarkin da ba ya yankewa. Jelatin mai shaidar halal, daga shanun da aka yanka bisa shari'a, yana da kasuwa tun yanzu a masana'antun kwanson magani da na abinci, tun kafin a zo batun ɗab'i. Na'urar ma ba ita ce mai tsada ba: tawagar Feinberg ta saki zanen sirinjin da ake ɗaura wa ƙaramar na'urar ɗab'in roba kyauta a intanet, ga duk jami'ar da ke so. Abin da ke cin kuɗi shi ne ɗakin renon ƙwayoyin halitta, inda dole akwatin reno ya zauna a digiri 37 dare da rana tsawon makonni, kuma ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i kan iya kashe aikin wata guda.

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin tarayya, mai masaukin taron, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba.